Shekarar da Muka Ba Saniya Ruwan Kifi

Ku ɗiyana, na daɗe ina jin abin da ake faɗi game da babanku ina yin shiru, don a lokacin da maganar ta fi yawa ba ni da ƙarfin tanka wa kowa. Ana cewa a shekarar babban fari, sa'ad da mata ke tonon gulbi da sakaina, shi yana shayar da kifin ado, har uwarsa ta mutu da yunwa kifi na ƙoshi. Wasunku ma sun taso suna jin ana ce masa Mai Kifi, sun ɗauka kirari ne. Ba kirari ba ne. Yanzu waɗanda suka ga shekarar nan a gidanmu sun ƙare sai ni, sai ke Aminatu da kike ƙarama ƙwarai a lokacin. Gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran hankalina.

Babanku ya bar Turba yana saurayi ya tafi Kaduna aikin masaƙa. Da ya zo ganin gida aka ɗaura mana aure, ya koma ya bar ni wurin uwarsa, Inna Tumba, sai da salla muke ganinsa. Shi kaɗai ya rage mata cikin duk waɗanda ta haifa, Auta take ce masa. Ƙarar injunan saƙa ta riƙa cin kunnuwansa a hankali. Da farko sai an ɗaga murya yake ji, daga baya ko ganga aka buga kusa da shi sai dai ya ji ta a ƙirji. Da ya kasa aiki cikin injuna, wani Bajapane daga cikin manyan wurin ya ɗauke shi ya riƙa kula masa da lambun gida. A lambun akwai ɗan tafkin siminti da kifaye masu launi, waɗanda ba don ci ake kiwonsu ba, don kallo ne. Da mutumin ya tashi komawa ƙasarsu ya raba wa ma'aikatansa kaya, wani ya samu keke, wani rediyo. Babanku da rediyo ba ta da amfani gare shi, sai ya roƙi kifi uku. Ya zo da su cikin rabin duro, a jirgin ƙasa har Ƙaura, daga nan a bayan babbar mota har Isa, sauran hanyar a amalanken shanu. Duk tafiyar yana ɗiban ruwan da kwano yana kwararo shi daga sama don su samu iska. Ya iso da hannunsa a kumbure.

Inna ta leƙa cikin duron, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna masa da sanda.

"Kihi na, Inna," in ji shi, da muryar nan tasa da ake ji har gida na uku, don shi ba ya jin ƙarfinta. "Koyi aka ce masu."

"Koyi da wa?" in ji Inna. Ta juyo gare ni. "Ɗiyan mutane na zuwa Kaduna su komo da keken ɗunki, nawa ya komo min da kihi mai lalle."

Daga nan guda ta samu suna. Lalle fara ce da ja a ka da gadon baya, kamar amarya ta kwance ƙunshi. Ta biyu ruwan gwal ce gaba ɗaya, muka ce mata Zinariya. Na uku ya fi su girma, baƙi da fari, da 'yan gashin baki masu lilo, ba ya gaggawar komai, shi ne Dattijo.

Ya haƙa musu rami bayan ɗakina, kusa da rijiyar gida, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya shafe shi da siminti, ya yi ta cika shi yana kwashewa har ƙarfin simintin ya fita, ya kafa rumfar zana a kai don rana. Ku riƙe wannan, don a nan masu magana suka fara kuskure: ruwan tafkin nan ba a taɓa zubar da shi banza ba. In zai sauya, kaɗan yake ɗiba daga ƙasa ya kai wa yakuwa da tattasai da kabewa da ya shuka kewaye, kuma ba a taɓa yin yakuwa a unguwarmu irin tamu ba. Maƙwabtan da suka yi ta dariya, su ne suka riƙa aiko da ƙwarya a tsinko musu.

A dandali mutane sun gaji da yi masa ihu a kunne. Da farko suna ƙoƙari, daga baya sai su ɗaga masa hannu su ci gaba da hirarsu, yana zaune cikinsu yana bin bakunansu da ido. Sai ya daina zuwa. In ya dawo gona ya yi wanka, bakin tafki yake zama. Ya ƙwanƙwasa gefen simintin da zobensa, su taso su uku daga ƙasa su zo su yi ta tsotsar yatsunsa. Ya taɓa ce mini su ma ba da kunne suke jinsa ba, a jiki suke ji, kamar shi.

Kan abincinsu ne kaɗai na san shi da tsanani. Ya koya mini, ya koya wa Aminatu, ya maimaita har muka haddace. Abin marmarinsu shi ne tanar ƙasa da gara, da fara in an cire mata ƙafafu da fukafukai. Suna son kankana da dafaffiyar kabewa, da wake in ya dahu lugub an sale ɓawon. Abin da ya taɓa mai, ko gishiri, ko barkono, ba ya shiga ruwan. Ɗanyen hatsi kumbura yake a cikinsu. Tuwo kuwa ko sun ci, sauran nutsewa yake ya ruɓe a ƙasa ya lalata ruwan. Ɗan abin da yatsa uku suka ɗauka ya ishe su, wanda ba su cinye nan take ba a kwashe da ludayi. In rana ta take a bazara, ko kaɗan ba a ba su.

"Ba su san ƙoshi ba," yakan ce. "Ko mi kinka ba su, suna buɗe baki. Kada bakin shi ruɗe ki. Yawan ba su ka kashe su, ba yunwa ba."

Inna ba ta ko kallon wurin. In ta wuce za ta ɗauki buta sai ta yi tsaki.

Muka yi 'yan shekaru haka, sai damina ta fara gajarta. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari mun samu abin da bai kai rabin na kullum ba, muka ce Allah ya kai mu baɗi. Baɗin ta zo, ruwa ya sauka mai kyau sau ɗaya, kowa ya fita ya yi shuka. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa, daga nan sama ta bushe. Hadari ya haɗo daga gabas mu fito da tukwane, iska ta watsa shi muna kallo. Aka yi roƙon ruwa, aka samu yayyafi, aka sake shuka, irin ya ƙone cikin ƙasa. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga wajen Nijar da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, mushe a bakin hanyar Sabon Birni har ungulu suka daina sauka. Na shiga rumbunmu da tsintsiya na share ƙasansa. Muka koma tuwon dussa da tafasa, da 'ya'yan anza waɗanda sai an yi ta jiƙawa ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita, ga ruwan kansa ya zama abin nema. A lokacin ina goyon Garba.

Maza suka fara watsewa neman abinci, babanku ya ce zai koma Kaduna ko dako ne ya yi. Ranar da zai tafi, da hantsi, na gan shi ya fito da wuƙa da babbar ƙwarya ya nufi tafki.

"Kulu, aza tukunya," in ji shi. "Za ni yanka su ku ci kahin in tahi."

Ku ji da kyau, shi ya fara faɗin haka, ba wani ba. Har ya naɗe hannun riga, sai ga Inna ta fito ɗaki da sandarta, da saurin da ban san tana da shi ba, ta tsaya tsakaninsa da ruwan. Ta kaɗa masa sanda, ta kaɗa kai.

"Inna, rijiya na yin ƙasa," in ji shi. "Ba su kai damana. Gara su shiga cikin ɗiya."

Ta miƙa hannu ta karɓe wuƙar. Bai taɓa yi mata musu ba tun yana yaro, bai fara ranar ba. Ya tsaya yana kallonta yana kallona, ni ma ban gane ba. Ya durƙusa ta sa masa albarka, ya ɗauki jakarsa ya fita. Sai da ya ɓace bayan kukokin bakin gari ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Wancan karon da yat tahi, ga ni ga ki, ba mu komo da shi ba sai da kunnuwa nai sunka mutu. In yas san abin ga na nan suna jiran shi, shina komowa."

Maganar ta yi mini zafi, don ni da ita ta haɗa ta ce ba mu kai kifi ba. Ba gaskiya ba ne kuma, babanku ba don kifi yake dawowa gida ba. Amma tsohuwar da ta binne 'ya'ya da yawa, ga na ƙarshen ya kama hanya ba ya jin ko ƙahon mota, ba a yi mata gardama kan abin da ta riƙe.

Tun daga ranar Inna ta gaji wurin zamansa a bakin tafki. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin rumfa, ta riƙa ƙwanƙwasa simintin da gindin sanda, su kuwa ba su san bambanci ba, suka riƙa zuwa. Ni na ji daɗi, na ce ta samu abin ɗebe kewa. In na kai mata rabonta a akushi, akushin ya dawo wayam, in ce alhamdulillahi Inna na ci. Tana ramewa, amma wa bai rame ba? Ni kuma wuni nake a daji wajen neman ganye, ban lura da ruwan ba sai da ya fara wari, kumfa ta taru a gefe, kifayen suna tasowa sama suna haki. Wata safiya na iske Lalle ta juya gefe tana yawo a kan ruwa. Na zura dogon ludayi har ƙasa, ya fito cike da curin tuwon dussa da ya kumbura ya yi baƙi, da gutsattsarin ƙuli-ƙulin da wata maƙwabciya ta kawo wa Inna don ta tsotsa.

Ke Aminatu kina tsaye bayana, kika ce, "Inna ka ba su. Tana ba ni rabi, ta ba su rabi."

Wato duk kwanakin nan abin da ke shiga bakin tsohuwar nan bai wuce lasar yatsa ba. Na je na durƙusa ƙofar ɗakinta. Ban taɓa faɗa mata magana mai nauyi ba, ban san ta inda za ni fara ba.

"Inna, abincinki na ishe ƙasan ruwa."

Can ta ce, "Bakinsu buɗe shike, Kulu. Duk sadda niz zo sai su buɗe min baki. Ni ban taɓa ganin baki buɗe in kauda kai ba."

"Halittarsu ta haka, Inna. Ɗanki ya hwaɗa muna. Tuwo ɓata ruwan shikai, su kasa lumhwashi. Lalle ta mutu."

Ta ɗago ta dube ni. "Ni nik kashe ta ke nan?"

Na sunkuyar da kai. Ta fito tana bin bango, ta tsaya kan kifin da na aje bisa faifai, ta shafa jan da ke kanta da yatsa, ta koma ɗaki. Na dafa Lalle da ɗan gishiri, ke Aminatu kika ci, na tsotsi ƙayar don in samu abin ba Garba. Na kwashe ƙazantar ƙasan tafkin, na ƙara musu sabon ruwa gwargwadon abin da rijiya ta yarda ta bayar. Da yamma na koma wurin Inna muka yi sharaɗi. Za ta ci rabonta a gabana, in ta cinye, in ba ta 'yar garar da Aminatu ta kakkaɓo daga dangar kara, ko ɗan tsokar guna, ta ba su da hannunta. Ta yarda. Tana ci tana hararata kamar yarinya, amma tana ci. Kwanakin nan su ne mafi sauƙi a duk shekarar.

Sai rijiya ta koma laka. Guga ta sauka ta dawo da abin da ko an tace bai cika moɗa ba. Muka koma gulbi tare da duk matan gari, mu tona rami cikin yashi mu zauna jiran ya tsattsafo, kowa na tsaron raminta. Tafkin ya sauka daga ƙirji zuwa ƙugu, ya yi kore shar, ba ya shayuwa ga mutum, don wata da ta roƙa ta gwada ta kwana biyu tana gudawa. Ni kuma nonona ya ɗauke. Kai Garba ka yi kuka har muryarka ta tafi, sai buɗe baki kawai, maɗigarka ta faɗa. Na dama maka ruwan dussa, ka dawo da shi.

A cikin haka wata Bafulatana ta yi sallama a zaure. Shatu sunanta, doguwa, ƙashin wuyanta a fili, da 'yan 'ya'ya biyu riƙe da zanenta. Mijinta ya kora sauran shanunsu kudu, ya bar ta a bayan gari da saniya guda wadda ta haihu ba ta iya tafiya. Ɗan maraƙin ya mutu, amma saniyar na ba da ɗan nono. A gulbi ba a barin dabba ta matso ramukan mutane. Shatu na riƙe da 'yar ƙwarya a rufe.

"An ce kuna da ruwa aje," in ji ta. "Naggena, saniyar ga, ta kusa kasa tashi. In tas sha, akwai nono, mu raba biyu. In tam mutu, ni da ɗiyan ga mun bi ta."

Ta buɗe ƙwaryar, nonon bai rufe gindinta sosai ba. Ta dubi abin da ke bayana, ta miƙo mini. Na kwanto ka, na riƙa ɗiga maka da yatsa. Ka haɗiye. Ka sake haɗiyewa, bai dawo ba, ka yi barci da bakinka a yatsana. A nan tsaye na yanke abin da za ni yi. Na shiga wurin Inna, kuma ba shawara na je nema ba, faɗa mata na je yi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Inna, za ni ba saniyar Hillani ruwan tabki. Kihin in sa su randa."

"Randa?" in ji ta. "Mai su yac ce a yanka, nic ce a'a, ya bari. Ke ɗiyar wa ta da za ki tada maganata?"

"Inna, dubi jikanki."

"Na gan shi."

"In bai sha nono ba, ba shi kai kasuwa mai zuwa."

Ta kauda kai. Ta ce, "Kin yanke ma Auta hanya."

Na fito. Na wanke babbar randa, na cika ta da ruwan tafkin, na kama Zinariya da Dattijo da zane na sa su ciki, na rufe da faifai a inuwar ɗakina. Shatu ta jawo saniyar ta zaure, ni ina turawa ta baya, tana tangaɗi kamar za ta faɗo mana. Da ta ji ƙanshin ruwa sai ta yi wani nishi da har yau in na tuna nakan ji shi a cikina. Ba mu bar ta ta sha yadda take so ba, kullum gwargwado muke auna mata don ruwan ya daɗe. Shatu ta dawo da 'ya'yanta zaurenmu da zama. Ita ke yawon kakkaɓo wa saniyar 'ya'yan gawo da ganyen da ya rage a itace, ni ina gulbi, da yamma mu raba nonon a gaban juna. Ba mu taɓa samun saɓani kan ko cokali ba.

Inna ta daina yi mini magana. In na yi mata ina kwana ta juya fuska bango. Abinci sai daga hannun Aminatu take karɓa, shi ma loma biyu ta ture. Sharaɗinmu ya warware, ba ni da bakin tilasta mata. Wannan shi ne abin da ruwan ya ci mini, kuma na san shi tun ranar da na shiga ɗakinta. Da a ce yau za a maida ni ƙofar zauren nan da Garba a baya, abin da na yi shi za ni sake yi. Amma kada wani ya ce muku bai yi ciwo ba. Matar nan ita ta riƙe ni sa'ad da na zo gidan ina kukan gida, ita ta karɓi haihuwata duka biyu.

Randa ba wurin kifi irin wannan ba ne. Ruwan na ɗumama, wurin ya yi musu kaɗan, ko da nake kwararo musu shi daga sama yadda na ga babanku yana yi. Wata rana na dawo gulbi na iske Zinariya ta ture faifan ta faɗo, ta birkiɗe da ƙasa, ta riga ta sandare. Na wanke ta na yi romo, na raba wa yara huɗu, namu da na Shatu. Na kai wa Inna a ludayi, ko dubansa ba ta yi ba. Sai ta aiko Aminatu ta ce a kai mata randar ɗakinta. Ni da Shatu muka rage ruwan muka mirgina ta har gindin gadonta. Daga nan kullum tana kwance da hannunta guda a cikin ruwa, Dattijo na tsotsar yatsunta. Ƙafafunta suka kumbura, in an danna wurin ya zauna.

Wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji an ce, "Kulu." Na ɗauka kunnena ne. Aka sake. Na shiga da gudu.

"Kawo yaron," in ji ta.

Na kwanto ka na aza mata kusa. Ta latsa cinyarka, ta latsa damtsenka, ta shafa maɗigarka da ta ciko. Ka kama yatsanta ka kai baki.

"Ya yi nama," in ji ta. Sannan ta nuna randa da haɓa. "Ɗauki wanga ki dahwa ma ɗiya. Ya gaji. Ni ma na gaji."

"To Inna, ki sha romon ko kaɗan."

"Ba ni iyawa. Ya san hannuna."

Na durƙusa ina kuka. Ta ciro hannunta daga ruwan ta aza mini a ka, yana ɗiga har wuyana.

"Na yi maki hushi bisa abin da ni ma shi za ni yi, da ni ta ke," in ji ta. "Allah shi yi maki albarka. In Auta yaz zo, ki ce mashi na jira."

Shatu ta yanka Dattijo, ni ban iya ba. Inna ba ta daɗe ba bayan nan. Ta cika da rana tsaka, ina riƙe da kanta. Mazan da suka rage a gari tsofaffi ne, da ƙyar suka haƙa mata makwanci, ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Muka ba wani yaron mota saƙo zuwa Kaduna, amma ina za a samu kurma guda cikin 'yan dakon garin nan? Saƙon bai kai ba.

Ruwa ya sauka bayan tafkin ya kai ga laka. Ciyawa ta tsiro, saniyar ta miƙe, Shatu ta ɗaure kayanta ta bi bayan mijinta. Mun rabu a bakin gari muna riƙe da hannun juna, ban sake ganinta ba, ban kuma san inda ta ƙare ba.

Babanku ya dawo ana cikin noman farko. Na ji muryarsa tun daga zaure yana sallama. Ya shigo da buhun masara a ka, ya rame har rigarsa na reto, wuyansa ya yi kanta. Ya sauke buhun, ya dubi tafkin da ruwan sama ya taru a gindinsa, babu komai ciki, ya gyaɗa kai kawai kamar wanda ya san haka zai iske. Ya ɗaga ka, Garba, ya jinjina nauyinka, ya yi dariya. Sannan ya zaro turmin atamfa daga jaka ya nufi ɗakin uwarsa.

"Inna! Na komo! Inna, mun same ku lahiya?"

Duk unguwa ta ji shi. Mata suka leƙo ta kan danga, ba wadda ta iya shigowa. Na sha gabansa. Na yi magana, na san ba ya ji, amma bakina ya yi. Sai na kwantar da kuncina bisa tafin hannu na rufe ido. Ya dube ni, ya ce, "Kwana takai?" Ya ɗauka barci take. Ya sa yatsa a baki ya yi wa Aminatu alamar ta yi shiru, ya cire takalmansa, ya fara sanɗa zuwa ƙofar don kada ya tada ta.

Na riga shi shiga. Na ɗauko sandarta da tasbaharta daga kan gadon da aka naɗe tabarmarsa, na fito na sa masa su a hannu biyu, na rufe yatsunsa a kansu. Ya dubi sandar, ya dubi gadon ta bayana. Atamfar ta zame daga hammatarsa. Ya zauna a ƙasa nan inda yake, ya yi salati da ƙarfin da ya sa tsofaffin unguwa suka taso. Suka shigo suka kewaye shi suna yi masa gaisuwa, yana bin bakunansu da ido, yana cewa amin inda ya ga ya dace.

Da aka watse ya rage daga ni sai shi a ƙofar ɗakin. Na yi ƙoƙarin nuna masa duk abin da ya faru, da akushi, da randa, da ƙahon saniya a kaina, da yaron. Ya bi hannuwana da ido har na gama. Bai tambayi kifi ba ko sau ɗaya.

"Ta yi hushi da ni?" in ji shi.

Na kaɗa kai. Na nuna hanya, na nuna idona, don ya san ta jira.

"Ke hwa? Ta yi hushi da ke?"

Na gyaɗa kai, don ban taɓa yi masa ƙarya ba. Sannan na tsoma hannunsa cikin ruwan buta, na ɗaga shi na aza a kaina yadda ta yi. Ya bar shi nan, ruwan na gangaro mini, har aka kira sallar la'asar ni na ji shi bai ji ba. Ban sani ba ko ya gane duka. Bai sake tambaya ba har ya koma ga Allah, ni ma ban sake nuna masa ba.